Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Gwada Man Itanol A Adaidaita Sahu

Mai girma Gwamna, Injiniya Abba Kabir Yusuf,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ɗan adaidaita sahu a birnin nan yake wuni yana yi wa gidan mai aiki. In ya sayi mai, ya kai balas, abin da zai shiga gida da shi ba ya isar cefane. Wannan ya sa nake roƙon gwamnatinka ta gwada man itanol, wanda ake tatsa daga rake, rogo ko takanda.

Ƙasar Brazil ta shiga irin halin da muke ciki bayan tashin farashin ɗanyen mai na 1973. A 1975 ta ƙaddamar da shirin Proálcool na samar da itanol a matsayin man mota, zuwa 1979 kamfanin Fiat ya fitar da motar da itanol zalla take sha. Sun yi tuntuɓe a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da sukari ya yi tsada, masana'antu suka koma yin sukari maimakon itanol, masu motoci suka rasa mai. Abin da ya gyara lamarin shi ne injin da aka fito da shi a 2003, mai karɓar fetur, ko itanol, ko gaurayensu, direba ya zaɓi mai sauƙi. Mu ma muna da manufar ƙasa tun 2007 ta gauraya itanol kashi 10 cikin ɗari a fetur, amma har yau direban Kano bai gan ta a famfo ba.

Kai injiniya ne, don haka ba zan ɓoye aibun ba. Litar itanol ba ta kai ta fetur nisa, ƙarfinta ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku. Shi ya sa direban Brazil ba ya sayensa sai farashinsa ya yi ƙasa da kashi 70 cikin ɗari na fetur. Yana jan ruwa, yana cin roba da tiyon da ba a yi su dominsa ba, kafireto kuma sai an sake saita shi. Wanda ya ɗura man da kashi 85 cikin ɗarinsa itanol ne a tsohon inji ba tare da gyara ba, gareji zai kwana.

Babban tsorona shi ne abinci. Amurka da masara take yin nata, mu kuwa kada a kuskura a taɓa masara ko dawar da talaka zai tuƙa tuwo. Takanda ce ta dace da mu: tana jure ƙarancin ruwa, manomi ya yanke kan ya kai rumbu, ya sayar da karan mai zaƙi, tukar kuma dabbobi su ci. Ga ruwan Tiga yana ratsa Kura, Bunkure da Garun Malam. Ga cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, da Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Ƙasashe ta Jami'ar Bayero, duk a garin nan.

Akwai kuma maganar addini, domin itanol shi ne sinadarin da ke bugarwa a giya. A masana'anta ana zuba masa abin da zai hana shan sa, amma hukunci na malamai ne. A zauna da su da Hukumar Hisbah tun kafin a kafa tukunya, kada a bari sai jita-jita ta cika gari.

Roƙona ƙarami ne. A ware adaidaita sahu kaɗan, a haɗa injiniyoyin Bayero da na jami'ar Wudil da kanikawan Ƙofar Ruwa su gyara su, a bi su shekara guda, har da sanyin hunturu, lokacin da itanol yake wahalar tayar da inji. A rubuta kuɗin kowace lita, nisan da ta kai, da abin da ya lalace, sannan a buga sakamakon kowa ya gani, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Ina fatan ganin kuɗin wannan gwaji a kasafin shekara mai zuwa.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai koyar da kanikanci, Kano