Marine ta Crosby: Ku Duba Filin Kafin Ku Duba Ƙwallaye

Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da gasar Kofin FA ta zagayo, sai shirinku na wasanni ya tuno ranar 10 ga Janairun 2021, da Tottenham ta José Mourinho ta je garin Crosby, arewa da Liverpool, ta zura wa ƙaramar ƙungiyar garin, Marine, ƙwallo 5 da nema. A nan kuke tsayawa, alhali filin ƙungiyar ne ke ɗauke da tarihinta.

An kafa Marine a 1894, sunan kuma na wani otal ne da aka yi zaman kafa ta a cikinsa. Tun 1903 take wasa a Rossett Park, fili mai gefe uku kacal na 'yan kallo. Gefe na huɗu bayan gidajen mutane ne, katanga da katanga. Shi ya sa aka liƙa lambar kowane gida a jikin shingen: ƙwallo ta tsallaka, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Wannan matsi ya ci ƙungiyar. A ƙarƙashin Roly Howard, mai sana'ar wanke tagogi da ya horar da ita daga 1972 zuwa 2005, wasa 1,975, Marine ta lashe gasar Northern Premier a 1994, ta maimaita a 1995. Duk biyun ba ta hau sama ba, don filinta bai cika sharuɗɗan rukunin Conference, wanda ke sama da nata, ba. A 1995 Morecambe da ta zo ta biyu ce ta haye. A Ingila maki kaɗai ba ya hawa da ƙungiya. Sai masu duba fili sun ƙirga kujeru, sun auna hasken fitilu, sun ga ƙofofin shiga. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wasan Tottenham ma, saura kaɗan a tashi da asara. Marine tana mataki na 8 na rukunonin ƙwallon Ingila a lokacin, 'yan wasanta kowa da aikinsa na rana, har da mai kwashe shara, ga dokar korona ta hana 'yan kallo shiga. Sai shugabanninta suka sayar da tikitin jeka-na-yi-ka a intanet, wanda ba ya shigar da kowa filin, fam 10 kowane, aka sayi sama da 30,000, da yawa magoya bayan Tottenham ne.

A 2022 aka shimfiɗa ciyawar roba. Ruwan sama ya daina soke wasa, ana kuma ba da hayar filin duk mako. A 2024 ta kai mataki na 6. Sai dai robar ma tana da ƙaya: rukunonin ƙwararru huɗu na sama ba sa karɓarta, dalilin da ya sa Sutton United ta kwashe tata a 2021 da ta samu hawa.

Don Allah in za ku sake ɗauko labarin Marine, ku fara daga 1994.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya