Otofaji Da Wayon Bairos

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi tsokaci kan otofaji, wato yadda ƙwayar halitta ke ƙunshe tarkacenta da ƙwayoyin cuta cikin 'yar jaka ta narkar da su, aikin da Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel a kansa a 2016. Gutsattsarin bairos da aka narkar ake nuna wa garkuwar jiki domin ta gane maƙiyi. Sai dai bairos ma yana da wayo, domin na hafis, mai kawo ƙuraje a leɓe ko al'aura, yana daƙile furotin Beclin 1 da ake buƙata wajen fara otofaji, na shan inna kuwa a jikin jakunkunan yake hayayyafa. Saboda haka ina ganin masu tallata otofaji a matsayin maganin kowace cuta suna azarɓaɓi.

Mai karatunku daga Zariya