Rahoton Ayyukan Shekara: Tantance Bayanai Yayin Ƙaura zuwa Gajimare

Assalamu alaikum, 'yan'uwa membobi.

Bana galibin aikin kwamitin fasaha ya tafi ne kan abu ɗaya: yadda za a kwashe rumbun bayanai daga sabar ofis (kwamfutar da ke riƙe da shi) zuwa gajimare, wato sabobin wani kamfani da ake amfani da su ta intanet, a kuma tabbatar abin da ya isa can shi ne abin da aka ɗauko. A tarukan bita da kuma ayyukan da membobi suka kawo aka duba, kuskure guda ya yi ta dawowa. Mutum zai ƙirga layukan tebur a tsohon rumbu, ya ƙirga a sabo, adadi ya zo ɗaya, sai ya ce an gama. Ƙirga tana nuna ko layi ya ɓace ne kurum, ba ta nuna ko abin da ke cikinsa ya lalace.

Misalin da ya fi shafarmu shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Idan sabon rumbun na manhajar MySQL ne, kuma yana kan tsarin adana haruffa na latin1, wanda ba shi da waɗannan haruffa, ƙ da ɗ da ɓ za su iya komawa alamar tambaya, Ɗanladi ya zama ?anladi, kuma ba mai iya gyarawa sai an koma tsohon rumbu. Shi ya sa muka sa utf8mb4, tsarin da ke ɗauke da su, a cikin ƙa'idarmu, a tebur da kuma a kan haɗin da ake kwafin ta cikinsa. Haka batun agogo. Sabobin Amazon RDS, hidimar rumbun bayanai ta kamfanin Amazon a gajimare, suna zuwa ne a kan lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuwa a Najeriya da Nijar muna gaba da awa ɗaya. Cinikin ƙarfe 12:30 na dare, wayewar 1 ga wata, sai ya faɗa cikin watan jiya, lissafin wata ya ƙi tashi.

Hanyar da muka koyar ita ce a raba kowane tebur gida-gida bisa babban mabuɗinsa (gurbin da ke bambanta kowane layi da sauran), kamar layi 10,000 a kowane kashi, a fitar da lambar tantancewa (lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin layukan) ta kashin a ɓangarorin biyu, a gwada. Inda suka saɓa, nan kaɗai za a shiga layi-layi. Masu MySQL suna da manhajar pt-table-checksum ta kamfanin Percona mai yin wannan aiki. AWS DMS, kayan aikin kwashe rumbu na AWS (sashen gajimare na Amazon), ma yana da nasa tantancewar, amma sai tebur yana da babban mabuɗi ko wani gurbi da ba ya maimaituwa. A kula da manyan rubuce-rubuce da hotuna: a tsarinsa na taƙaitawa, DMS yana datse duk abin da ya wuce girman da aka sa masa, aikin kuma ya ci gaba kamar ba komai. Mai tahowa daga manhajar rumbu ta Oracle zuwa ta PostgreSQL kuma ya tuna Oracle yana ɗaukar rubutu fanko a matsayin NULL, wato gurbin da ba a sa komai ba, PostgreSQL ya bambanta su. Idan ba a daidaita wannan kafin gwaji ba, za a yi ta ganin saɓani.

Lokacin da kwafi ke gudana ana kuma ci gaba da aiki a tsohon rumbu, ba kowane saɓani ne ɓarna ba, wani tazara ce kawai, wato sabon rumbu bai riga ya kamo tsohon ba. A sake gwada kashin bayan sabon rumbu ya kamo. Abin tsoro a nan shi ne yankewar intanet. A PostgreSQL, idan sabon rumbu ya daina karɓa, tsohon zai yi ta tara fayilolin WAL, inda yake rubuta kowane sauyi, yana jiransa har faifai ya cika, sabar da ake aiki da ita ta tsaya cak. Wanda ya ga yadda intanet ya kasance ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku na Afirka ta Yamma suka yanke, ya san wannan ba zance ba ne. Tun daga fitowa ta 13 ta PostgreSQL akwai saitin max_slot_wal_keep_size mai sa wa fayilolin iyaka, sai dai idan aka haura iyakar, kwafin zai koma farko. A ganinmu gara hakan da tsayuwar sabar.

Ranar sauyawa ga yadda muka tsara: a dakatar da rubutu a tsohon rumbu, a jira tazara ta koma sifili, a yi gwajin ƙarshe, sannan a haɗa jimillar kuɗi ta kowace rana a ɓangarorin biyu har kwabo. Kafin a buɗe wa jama'a, a gyara lambobin jeri (waɗanda rumbu ke ba kowane sabon layi) da umarnin setval, domin kwafin kai-tsaye na PostgreSQL, irin na logical replication, ba ya ɗauke su. In aka manta, sabon layi na farko zai ci karo da lambar da ta riga ta wanzu. Tsohon rumbu kuma a bar shi a kulle, karatu kawai, har a rufe lissafin wata guda lafiya.

Mun kuma tunatar da membobi cewa cibiyar AWS ta Cape Town a Afirka ta Kudu, wadda aka buɗe a 2020, tana wajen Najeriya, don haka kai bayanan mutane can ya shiga sharuɗɗan Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Baɗi, in Allah ya kai mu, za mu fara da batun jeranta haruffa. Sauyin da glibc 2.28 (ɓangaren Linux da ke jeranta haruffa) ya kawo a 2018 yana iya ɓata fihirisar rubutu idan aka ɗauke fayilolin PostgreSQL zuwa sabuwar saba. Duk mai rumbun da ya yi irin wannan ƙaura ya gwada shi da amcheck, kayan aikin PostgreSQL mai duba lafiyar fihirisa, ya kawo wa kwamiti sakamakon a taron farko.