A Ajiye Waya Daga Magariba Zuwa Isha'i

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da nake cin abinci da shi. Sana'ata cajin waya, ina da 'yar rumfa da janareta a wata unguwa cikin birnin Kano. Don haka kada wani ya ce ƙiyayyar waya ce ta sa ni rubutu. Ranar da jama'a suka rage latse-latse, aljihuna ne zai fara ji.

Ga abin da nake gani kullum. Mutum zai kawo waya, in jona ta, in ba shi lambarsa, amma ya kasa tafiya. Sai ya ja benci ya zauna, ya tsare ta da ido kamar mai jinya. Cajin ko rabi bai kai ba zai ce in cire masa, wai akwai saƙon da yake jira. Da ya karɓa, ka leƙa, TikTok ne. Ba samari kaɗai ba, har da magidanta masu furfura. A Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka shafe kwanaki cikin duhu, na ga magidancin da ya zo bin layin caji tun da asuba alhali bai bar kuɗin cefane a gida ba. Da bakinsa ya faɗa mini, yana dariya.

Ban ce a jefar da waya ba. Mun ga yadda mutanen Zamfara suka sha wahala da aka katse musu layukan sadarwa a Satumban 2021, mun kuma ga yadda tiransifa da POS suka rufa mana asiri lokacin canjin kuɗi a farkon 2023. Waccan katsewa dole ce aka yi wa mutane. Abin da nake kira gare shi ɗan hutu ne da mutum zai ba kansa da kansa: daga kiran sallar magariba zuwa idar da isha'i, waya ta tafi aljihu ko ƙarƙashin matashi. Lokacin bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba, kuma shi ne lokacin tuwon dare, da bitar karatun allo, da gaida tsofaffi. Kafin GSM ta shigo Najeriya a 2001, a wannan lokaci ne maigida ke jin abin da ya faru a gidansa da rana. Yanzu yana zaune kan tabarma, uwargida na yi masa magana, shi kuma yana can yana musun siyasa a Facebook da wanda bai taɓa gani ba.

Yara ne suka fi ba ni tausayi. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ɗora jariri a kan kallon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Mu kuwa da yaro ya fara kuka sai a miƙa masa waya. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018, kuma ba don ƙarancin wayewa ba.

Sai batun masallaci, wanda ya fi komai ci mini rai. Ya zo a hadisin Muslim cewa wanda ya taɓa tsakuwa ana huɗuba ya yi yasasshen aiki. To, ina ga mai duba WhatsApp a sahu na biyu? Ina roƙon limamanmu na Juma'a su sa ladan ya riƙa sanarwa a kashe waya gaba ɗaya kafin liman ya hau mumbari, ba a rage ƙararta kawai ba. Masu unguwanni kuma su ɗauko maganar hutun magariba a wuraren ɗaurin aure da suna, inda magidanta ke taruwa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai cajin waya,
Kano.