Filin da Na Hana Ka Saya

Nima, Accra.

Aminina Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara, kuma sanyin Jamus bai matsa muku ba. Mu nan Ankara sai godiya. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana fita tsakar gida da kanta, kuma kullum sai ta tambaye ka.

Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon saƙon murya, domin maganar tana da tsawo, kuma ina so ka karanta ta a natse kafin ka kira ni. Na je na ga filin da ka aiko ni in duba maka. Ban biya ko sidi ɗaya ba, kuma ina roƙonka don Allah ka cire ranka daga kansa.

Ranar Asabar na shiga motar haya, torotoro, ta hanyar bakin teku, na sauka Sakumono, dillalin ya zo ya ɗauke ni muka zagaya ta ɓangaren Klagon. Tun daga nesa na ga abin da bai kwanta mini ba. Jar ƙasa ce sabuwa fil aka zuba, ga sawun tifa bai ko bushe ba, gefe da gefe kuwa kacalla ce tsaye ta fi ni tsayi. Ka san kacalla ba ta fitowa a tudu. Na karɓi sanda na soka a bakin inda cikon ya ƙare, ta nutse kusan kamu biyu, na zaro ta jiƙe da baƙin taɓo. Can ƙarƙashin wata rumfa samari huɗu ne zaune a kan babura suna kallonmu, ba wanda ya amsa sallamata. Ba sai an gaya mini 'yan langad ne ba, 'yan daban da ake ɗauka su tsare fili. Da na ce a ba ni kwafin indenca, wato takardar filin, in kai Hukumar Filaye a bincika, sai dillalin ya ce babu lokaci, akwai wani mai saye da zai kawo kuɗi ranar Litinin. Nan na yi masa godiya na ce zan yi shawara.

Alhaji, filin nan cikin fadamar Sakumo yake, wadda ake kira Ramsa. Sunan wani gari ne a Iran inda ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu da tafkuna a 1971. Ghana ta shiga a 1988 da Owabi, madatsar nan ta kusa da Kumasi, sannan a 1992 aka ƙara biyar na bakin teku: Keta, Songor, Sakumo, bakin kogin Densu, da Muni ta Winneba. Sakumo a takarda ta haura hekta 1,300. Tun 1999 akwai dokar da ta tsara abin da aka yarda da wanda aka hana a waɗannan wurare, kuma Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji ne ke da alhakin tsaro. An kawo katafila an yi rusau a wurin a 2022, an sake yi a 2025. Kuɗin da ka tara kana fita aiki da asuba cikin ƙanƙara, ba zan sa hannu a zuba su inda ko ruwa ya ci ko katafila ta ci ba.

Da na rabu da dillalin ban koma gida kai tsaye ba. Na bi wata 'yar hanya na tarar da wani dattijo mai lambu, mutumin Bawku, yana ban ruwa a albasarsa. Muka gaisa da Hausa, ya shimfiɗa mini buhu na zauna. Ya nuna mini da hannu inda ruwa ke kaiwa da damina a shekarun da ya fara zuwa, yanzu wurin duk benaye ne. Ya ce a da in kaka ta yi, tsuntsaye ne ke rufe bakin tafkin, baƙi daga Turai da kuma na gida, zalɓe da balbela da kirinjijiya. Har yanzu suna zuwa, ni ma na ga wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu suna tsintar abinci a taɓo, amma ya ce ba a haɗa su da na da. Na tambaye shi me ya sa ba su hana masu ciko. Ya dube ni ya ce, da wace takarda? Shi ma baƙo ne a idon doka, duk shekarun da ya yi a wurin. In tifa ta zo gobe ta juye ƙasa a kan albasarsa, babu ofishin da zai je ya ce an shiga masa haƙƙi.

Wannan amsa ita ce ta hana ni barci. Kundin tsarin mulkinmu na 1992 ya ce filayen gwamnati amana ne a hannun Shugaban Ƙasa a madadin jama'a duka. Magana ce mai kyau. Amma a zahiri abin da ake ce wa na kowa, a garin nan, shi ne wanda ba shi da mai kwana a kansa. Ma'aikatan namun daji 'yan ƙalilan ne, ba su da ƙarfin tsayawa gaban tifa goma da dare. Mai ciko kuwa yana da kuɗi, yana da samari, yana da lauya. Waɗanda ke wurin dare da rana, masunta da masu lambu da masu kiwo, su ne ba su da ko tsinke a rubuce.

Shi ya sa nake ganin ya kamata gwamnati ta ba da hayar irin waɗannan wurare, amma haya ta kiyayewa. Ai ba baƙon abu ba ne gwamnati ta ba da filinta haya. Hukumar Filaye tana yi kullum, shekara 99 ga ɗan ƙasa mai son gina gida, baƙo kuma ba ya wuce shekara 50. Ana ba masu otal, ana ba masu gidan mai, ana ba masu haƙar ma'adini. To me zai hana a ba ƙungiyar masunta da masu lambu, tare da masana da ƙungiyoyin kare muhalli, da sarakunan Tema da Nungua waɗanda ƙasar kakanninsu ce, a ce ga wannan yanki a hannunku shekara kaza, aikinku ku bar shi fadama? Kuɗin hayar ya zama kaɗan, sharuɗɗan su zama masu tsauri. Ba bulo, ba ciko, ba sayarwa, ba ba wa wani haya a bayan fage. A kafa turaku a kan iyaka a dasa itatuwa, yadda ko yaro zai gane inda fadama ta fara. Duk shekara hukuma ta zo ta auna, in an ci ko taku ɗaya a karɓe. Kuma a buga takardar a fili kowa ya karanta, da sunayen waɗanda suka sa hannu. Masu lambu su ma da nasu sharaɗin, don maganin feshi da takin zamani da suke zubawa tafkin yake gangarawa, kuma na faɗa wa dattijon haka a gabansa. Abin da hayar za ta ba su shi ne tsayuwa: ranar da tifa ta zo, akwai mai takarda da zai je ofishin 'yan sanda ko kotu ya ce filin hayata ne.

Na san abin da za ka ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Za ka ce haya a ƙasar nan ƙofar rabo ce. Ba ka yi ƙarya ba. Songor ta ishe mu misali. Tafkin gishirin mutanen Ada ne tun kaka da kakanni, yana cikin jerin Ramsa, kuma a 2020 majalisa ta amince da hayar kusan eka 41,000 ga kamfani guda na shekara 15 don haƙar gishiri. Masu goyon baya sun ce an gyara tafkin da ya lalace, an samar da aiki. Masu ɗiban gishiri da yawa kuwa sun ce an raba su da abincinsu, aka yi ta zanga-zanga da kame. Ko wane ɓangare mutum ya bi, darasin da na ɗauka shi ne in aka ƙulla haya a sama, mutanen da ke ci daga wurin suka ji ba da su aka yi ba, rigima ce za ta biyo baya. Waccan kuma hayar kasuwanci ce, burinta abin da za a fitar daga tafkin. Wadda nake nufi ana auna nasararta ne da abin da aka bari a cikinsa.

Akwai wani misalin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa, a bakin Densu, wajen Tsokomey da Bortianor da Tetegu. Mata ne ke nitso suna tsintar ƙumbar ruwa suna sayar da namanta. Da suka ga tana ƙarewa, suka haɗa ƙungiya, tun 2017 suka fara rufe tsinta wata biyar a shekara don ta hayayyafa, suka dasa itatuwan nan na bakin ruwa masu saiwa a waje, inda ƙananan kifaye ke ɓuya. Daga baya gwamnati ta amince musu a rubuce da haƙƙin kula da wurin tsintar. Ba haya ba ce irin ta Hukumar Filaye, amma ruhinta ɗaya ne: an ba mai ci daga ruwa iko, shi kuma ya ɗauki nauyi. Ƙabilar Ga, 'yan asalin garin nan, ma ai sun riga kowa. A al'adarsu wulomo, mai kula da tafkin Sakumo, yakan rufe kamun kifi na wasu watanni kowace shekara, sai karfasa ta girma a buɗe. Mu ma haka muka taso muna ji daga iyayenmu, cewa a ƙasar Hausa akwai hurumi da burtali da ba a nomawa, akwai tafkin da sarkin ruwa ke hana su a cikinsa sai ranar da aka sa. A Musulunci kuma ka fi ni sanin hima, yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don amfanin jama'a, da hadisin da ya ce Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ruwa da makiyaya da wuta. Na so a ce limamanmu na zango suna taɓo wannan a huɗuba, don cikin masu sayen filayen nan akwai 'yan'uwanmu da yawa, galibi irinku na waje da ba su ga wurin da idonsu ba.

Kada ka ɗauka don tsuntsaye kawai nake wannan magana, ko da yake su ma halittar Allah ce mai haƙƙi. Ka tuna daren 3 ga Yunin 2015. Kai kana can kana ta kirana waya ba ta shiga, ni ina tsaye a kan benci a shago ruwa ya kai mini gwiwa. Da gari ya waye muka ji abin da ya faru a gidan man Circle, ruwa da wuta a haɗe, mutum fiye da 150. Odaw, koramar da ke ratsa tsakiyar gari, ce ta cika ba ta da inda za ta juye. Fadama ita ce mazubin ruwan gari, tana shanye shi ta sake shi a hankali zuwa teku. In ka cike ta, ruwan ba ya fasa zuwa, ɗakin wani yake nema, kuma yawanci ɗakin talaka ne da ke gangare. Mu da muke da unguwa sukutum mai suna Fadama a garin nan, da harshenmu aka raɗa mata suna, bai kamata a ce sai an yi mana bayani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne batun wurin zama, kuma ba ni da cikakkiyar amsa. Dokar haya ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida gaba, amma a nan Nima wa zai ba ka ɗaki ba ka ajiye na shekara biyu ba? Mutumin da ya gaji da wannan, aka nuna masa fili mai rahusa, ba zan kira shi mugu ba. Na ga hotunan mata suna kuka a gaban ɓaraguzan gidajensu, raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da na tuna wanda ya sayar musu yana gidansa lafiya lau. In za a yi adalci, shi ya kamata a fara kamawa, da duk wanda ya buga hatimi a takardar. Kuma na yarda kuɗin kifi da albasa da 'yan makaranta masu zuwa kallon tsuntsaye ba za su taɓa kamo farashin fuloti ba. Dole gwamnati ta tallafa wa masu hayar, ko da daga cikin abin da take kashewa ne wajen yashe magudanai da rabon katifu bayan kowace ambaliya.

Na yi maganar da wasu abokanmu a majalisarmu ta bayan Isha'i, biyu sun yarda mu koma wurin dattijon nan mu ji ko masu lambun suna da ƙungiya, in babu mu taimaka musu su rubuta sunayensu, mu kai takarda ga ɗan majalisar yankin. In ka ga za ka sa hannu a kuɗin mota da na buga takardu, ka faɗa mini.

Kuɗinka suna nan a banki yadda ka turo su, rasit yana hannun ƙaninka. An kwatanta mini wani fili a kan tudu wajen Amasaman, zan je in gani bayan an yi ruwa mai ƙarfi, don in ga inda ruwan ke bi, kuma ba zan yi ciniki ba sai sakamakon binciken Hukumar Filaye ya fito. Ka gaida Hajiya, ka shafa mini kan yara. Inna ta ce a tuna maka man zafin nan da ka kawo mata bara, ya kusa ƙarewa.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Nima