Amsa ga Malamin da ya tambaye ni nawa aka biya ni in yabi shayi

Assalamu alaikum, Malam.

Na so in yi shiru, amma tun ranar da ka ɗora tambayarka a Facebook wayata ba ta huta ba. Ɗalibaina na da suna ta turo min ita, har ƙanwata da ke aure a Maraɗi ta kira ni tana tambayar abin da ya haɗa mu.

Ga waɗanda ba su san mafarin zancen ba: ranar 21 ga Mayu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa shayi, wani gidan rediyo ya gayyace ni hira, na ce shayi ya riga ya shiga jinin Bahaushe. Sai kai, Malam, ka rubuta kana tambaya nawa kamfanin ganyen shayi ya ba ni har na kira abin da Bature ya bar mana al'adarmu, kuma ko ban san teburin mai shayi matattarar 'yan zaman kashe wando ba ne. Ka rufe da maganar sukari da ciwonsa.

Babu wanda ya ba ni ko sisin kwabo. Kuɗin motar da na je gidan rediyon ma daga aljihuna ya fito. Shekara 31 na yi ina koyar da tarihi a sakandare, kuma a cikin waɗanda suka zauna a ajina akwai alƙalai da likitoci da limamai; ka tambayi ko wanne daga cikinsu ko ya taɓa jin an sayi bakina. Kana da lambar wayata. Mun zauna tabarma ɗaya a wurin ɗaurin aure fiye da sau biyu. Da gaskiya kake nema, da ka kira ni. Ka zaɓi bainar jama'a ne domin zargi ya fi tara maka mabiya, kuma ina faɗa maka haka kai tsaye.

Amma zargin kuɗi bai yi min ciwo kamar maganar zaman kashe wando ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai shayi ne a bakin tasha. Kafin kiran assalatu ya hura wuta, ya jera kofuna, ya yanka burodi. Na tashi ina wanke masa kofi kafin in tafi makaranta, saboda haka na san waɗanda ke zama a wannan benci: direban da zai ɗauki hanyar Legas, ɗan dakon da ba zai ga tuwo ba sai dare, mai gadin da ya kwana tsaye, ma'aikaciyar asibiti da ta aiko yaro da kwano bayan ta kwana aiki. Akwai wani ɗan littafi da Baba yake rubuta bashi da ajami, kuma na ga lokutan da ya ja layi a kan sunan wanda ya san ba shi da halin biya. Da cinikin wannan tebur aka saya min littattafai har na zama malami. Mutanen nan ne ka haɗa wuri guda ka kira marasa aikin yi.

To, mu zo ga Bature. Ka saurari kalmar da ke bakinka. Asalin ganyen daga ƙasar Sin yake, inda tun wajen shekarar 760 wani masani mai suna Lu Yu ya rubuta littafi sukutum a kansa. Yawancin Sinawa suna ce masa ca. Wannan suna ya bi ayarin fatake ta ƙasa, ya zama cai a bakin Farisawa da Rashawa da Turkawa da mutanen Indiya, ya zama shai a bakin Larabawa, mu kuma muka karɓa daga Larabci muka ce shayi. Su kuwa mutanen gaɓar tekun Fujiyan, wani lardi na Sin, te suke ce masa, kuma wannan suna 'yan Holan suka ɗauka a jiragen ruwansu lokacin da suka fara kai ganyen Turai wajen 1610. Daga nan Ingilishi ya samo nasa, mu ma muka samu ti. Wato Hausa tana riƙe da sunaye biyu, kowanne da hanyar da ya biyo, kuma wanda ya zauna daram a bakinmu har muka ce mai shayi, ba na Ingilishi ba ne.

Shi kansa Baturen Ingila baƙon shayi ne. Sai bayan da Katarina, 'yar sarkin Fotugal, ta auri Sarki Charles na biyu a 1662 shan sa ya zama abin yayi a fadarsu. Ingila ba ƙasar noman shayi ba ce, amma yau wa zai ce wa mutumin Landan shayinsa na la'asar ba al'adarsa ba ne? Haka Maroko. Koren ganyen Sin ya yawaita a kasuwanninsu ne a lokacin yaƙin Kirimiya, tsakanin 1853 da 1856, da 'yan kasuwar Ingila suka karkato da kayansu zuwa tashoshin jiragen ruwan Maroko na Tanja da Sawira. Jirgin na Bature ne, ban musa ba. Amma na'ana'a da ɗaga buta sama don a tayar da kumfa da zuba shi zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, wannan aikin mutanen Magrib da Sahara ne. Raƙuma suka tsallako da shi, Buzaye suka riƙe shi, kuma shi ne ake dafawa a 'yar buta a kan gawayi daga Agadas har Damagaram da fadodin samarin Yamai. Wane gwamnan mulkin mallaka ne ya koya wa Buzu wannan?

Idan kuwa duk abin da ba a ƙasarmu ya tsiro ba haramun ne a kira shi namu, to sai ka fara da goro. Kakanninmu Gwanja suke tafiya wata da watanni da jakuna su ɗauko shi, amma ba a ɗaura aure ko a raɗa suna a ƙasar Hausa ba tare da shi ba. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka zo. Ban ga ka tambayi mai ƙuli-ƙuli wa ya biya ta ba.

Akwai inda kake da gaskiya, kuma na faɗe shi a hirar da alama ba ka saurara har ƙarshe ba. Baƙin shayi da madarar gwangwani da burodi ya bazu a garuruwanmu ne a zamanin Turawa. Tarihin ganyen kuma akwai jini a cikinsa. Domin Ingila ta samu abin biyan kuɗin shayi ta riƙa cusa wa Sinawa kayan maye na ofiyam, da suka hana aka yaƙe su daga 1839 zuwa 1842, aka karɓe Hong Kong. A 1848 aka tura wani masanin tsirrai ɗan Birtaniya mai suna Robert Fortune ya shiga Sin cikin ɓad-da-kama, ya kwaso tsirrai da sirrin sarrafa ganyen zuwa Indiya, inda aka kwashi talakawa aka tsare su a gonakin Assam suna aiki kamar bayi. Na koyar da wannan shekara da shekaru. Batun sukari kuma, kowa ya rage cokali. Likitoci sun fi ni da kai sanin wannan.

Abin da ke ci min rai ya wuce kai. Shekaru da dama aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, muna kuka ba mai jin mu, ga shi yanzu mun samu masu ilimi da ke ganin duk wanda ya yi bayanin asalin abu to an saye shi ne. Kenya sai a 1903 aka fara dasa shayi a Limuru, yau tana cikin manyan masu fitar da shi a duniya, ana gwanjonsa a Mombasa. Mu muna da tsaunin Mambila a jihar Taraba, ganyen yana fitowa lafiya a Kakara, amma mafi yawan abin da ke tafasa a tukunyar mai shayin unguwarmu daga waje aka shigo da shi. Da wannan ka tambaye ni, da na zauna da kai har dare muna tattaunawa.

Ina neman abu ɗaya daga gare ka, Malam. Idan kana da shaidar cewa wani ya ba ni kuɗi, ka fito da ita a shafin da ka yi zargin. Idan babu, ka janye a nan ɗin, kuma ka nemi afuwar masu shayi, domin su ka fi ɓata wa. Ƙanena yana nan riƙe da teburin Baba a bakin tasha, ni ma can nake karyawa duk ranar Asabar bayan sallar asuba.

Wassalam.