Tambaya Kan Triniti da Ceto Ba Ridda Ba Ce

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni Bahaushe ne, Kirista, kuma a birnin Katsina nake zaune da iyalina. Kakana ya karɓi bishara tun zamanin da Turawan mishan suke jinyar kutare a Babbar Ruga, saboda haka a cikin majami'a na buɗe ido, da Littafi Mai Tsarki na Hausa na koyi karatu, kuma har yau ban bar zuwa sujada ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne a wajen nazarin Littafi Mai Tsarki a ikilisiyarmu. Wani saurayi mai natsuwa ya ɗaga hannu ya ce, a Markus 13:32 Yesu ya faɗa cewa ba wanda ya san ranar ƙarshe, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uban kaɗai. To, in Ɗan daidai yake da Uba cikin allahntaka, yaya za a yi Uba ya san abin da Ɗan bai sani ba? Dattijon da ke jagorantar nazarin ya ce masa, "Ɗana, wannan asiri ne, kada ka bar Shaiɗan ya sa maka shakka." Yaron ya ce, "To, Baba," ya sunkuyar da kai, kuma tun daga wannan rana ban sake ganinsa a wurin nazari ba. Na san cewa abokansa Musulmi a makaranta da kasuwa suna yi masa irin wannan tambaya kusan kullum, ya zo gida neman amsa, aka sallame shi da tsawa.

Tambayar yaron nan tawa ce ni ma, kuma na gano cewa ta girmi kakannin kakanninmu. Kalmar Triniti, wato koyarwar cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayi. Tartuliyan, wani malami ɗan Kartaj a ƙasar da ake kira Tunisiya yanzu, shi ne ya fara amfani da ita a harshen Latin a farkon ƙarni na uku. Bayan wajen shekara ɗari, gardama ta ɓarke a Iskandariya ta Masar, inda wani limamin ikilisiya mai suna Ariyus ya koyar da cewa Ɗan yana da mafari, Uba ne kaɗai marar farko. Rikicin ya yi tsanani har Sarkin Rum Kustantin ya tara bishof-bishof a Nikiya, garin da ake kira Iznik a Turkiyya ta yau, a shekarar 325, aka yanke cewa Ɗan da Uba zatinsu ɗaya ne, da wata kalmar Girkanci wadda ita ma ba ta cikin Nassi. Maganar ba ta mutu a nan ba. Atanasiyus, wanda ya fi kowa kare hukuncin Nikiya, sau biyar aka kore shi daga kujerarsa ta bishof, galibi domin wasu sarakunan da suka biyo baya sun karkata ga ɗaya ɓangaren. Sai a taron Kustantiniya na 381 aka kammala bayani kan Ruhu Mai Tsarki, sannan taron Kalsidon na 451 ya yi hukunci kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a cikin Almasihu, hukuncin da Kibɗawan Masar da ikilisiyar Habasha ba su karɓa ba har yau.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa ba a Nikiya aka ƙirƙiro ɗaukaka Yesu ba, kamar yadda wasu masu muhawara suke faɗa. Tun kafin taron Kiristoci suna yi masa sujada, farkon Bisharar Yohanna ya kira shi Kalma, ya ce Kalman nan Allah ne, Toma ya kira shi Ubangijinsa da Allahnsa, kuma Matiyu 28:19 ya umarci a yi baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Amma a cikin littafin nan guda, Yesu ya ce Uba ya fi shi girma (Yohanna 14:28), ya kira Uban Allah makaɗaici na gaskiya (Yohanna 17:3), kuma da aka tambaye shi umarni mafi girma, sai ya fara da cewa Ubangiji Allahnmu Ubangiji ɗaya ne. Amsar da malaman tauhidi suke bayarwa ita ce, a waɗannan wurare Yesu yana magana ne a matsayinsa na mutum. Na ji wannan amsa, ina kuma girmama ta, sai dai ban ga inda Nassin da kansa ya raba maganganun Yesu gida biyu haka ba, kuma ina jin cewa wannan fassara ce da aka gina daga baya domin a daidaita ayoyin. Akwai ma ayar da wasu masu wa'azi suke jawowa daga tsohuwar fassarar Turanci, 1 Yohanna 5:7, mai cewa uku ne suke shaida a sama kuma ukun nan ɗaya ne, alhali wannan jimla ba ta cikin tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci, shi ya sa Irasmus, malamin da ya buga Sabon Alkawari da Girkanci, bai sa ta a bugunsa na 1516 ba sai a na 1522.

Batun ceto ya fi hana ni barci. An koya mana cewa zunubin Adamu ya bi jinin kowane ɗan Adam, cewa adalcin Allah ba zai bari a yafe laifi ba sai an biya, kuma Yesu ya biya a madadinmu a kan gicciye. Amma annabi Ezekiyel, a sura 18 aya 20, ya ce ɗa ba zai ɗauki alhakin laifin ubansa ba, uba kuma ba zai ɗauki na ɗansa ba. A misalin ɗa ɓatacce da ke Luka 15, uban ya hango yaronsa daga nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi, bai nemi kowa ya biya dukiyar da aka lalatar ba kafin ya yafe. A Matiyu 25 kuwa, inda aka raba tumaki da awaki, abin da aka tambayi mutane shi ne ko sun ciyar da mayunwaci, sun tufatar da matsiraici, sun ziyarci marar lafiya da ɗan kurkuku. Bulus ya ce da alheri aka cece mu ta wurin bangaskiya, Yakubu kuma ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce.

Da na bi tarihin wannan koyarwa sai na tarar ita ma ba a yini ɗaya aka gina ta ba. Ogustin, bishof na Hippo a Aljeriya ta yau, shi ne ya tsara koyarwar zunubin gado a gardamarsa da Filajiyus a farkon ƙarni na biyar, kuma ikilisiyoyin Gabas ba su ɗauke ta yadda ya ɗauke ta ba. Malaman farko da dama sun fahimci gicciye a matsayin fansa da nasara a kan mutuwa da Shaiɗan. Bayanin cewa mutuwar Almasihu biyan bashin darajar Allah ce ya sami cikakken tsari ne a hannun Ansalam na Kantabari a ƙarshen ƙarni na goma sha ɗaya, kuma ba da daɗewa ba Abela, wani malami ɗan Faransa, ya ce gicciye nunin ƙauna ne mai juyo da zuciyar mai zunubi. In manyan malamai sun saɓa haka, me ya sa ake gabatar mana da bayani guda kamar shi kaɗai ne ya taɓa wanzuwa? Wannan tambaya tana da nauyi a gare ni musamman, domin kakannin kakana Maguzawa ne da suka rayu suka mutu ba su taɓa jin sunan Yesu ba, kuma maƙwabtana da suka tsaya mini ranar da na yi rashin mahaifiyata Musulmi ne. Zuciyata ta ƙi yarda cewa Allahn da Yesu ya kwatanta da uban ɗa ɓatacce ya rufe musu ƙofa tun kafin a haife su.

Na san mafi yawan masu karanta wannan jarida Musulmi ne, saboda haka ina roƙonsu kada su mai da wasiƙata sandar dukan maƙwabtansu. Kirista bai ce alloli uku ne ba, bai kuma ce Allah ya yi aure ya haihu irin ta mutane ba. Wanda zai yi muhawara da shi, ya fara sanin abin da ya yi imani da shi tukuna.

Roƙona na ainihi ga fastocinmu da dattawan ikilisiya ne. An kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa tun 1932, amma har yanzu da wuya mai bi ya sami tarihin Nikiya da Kalsidon a harshensa, sai dai ya ji shi guntu-guntu daga bakin mai neman kayar da shi. Waɗanda suka yi makarantar tauhidi sun karanta duk abin da na ambata, kuma sun fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Ina roƙonsu su rubuta shi da Hausa, su koyar da shi a azuzuwan baftisma da taron matasa, su kawo hujjojin kowane ɓangare yadda masu shi suka faɗe su, sannan su bayyana dalilin da ya sa ikilisiya ta zaɓi abin da ta zaɓa. A shekarar 1553 an ƙone wani mai suna Mika'ilu Sabitus a birnin Janiba na ƙasar Switzerland saboda ya musanta Triniti, kuma ba na jin akwai Kiristan da yake alfahari da wannan a yau. Saurayin da na ambata bai musanta kome ba, aya ya karanta ya nemi bayani. Ina fatan wani daga cikin shugabanninmu zai amsa masa, ya amsa mini, a wannan shafi, kuma na yi alkawarin kai masa jaridar har gida.

Naka,
Wani mai karatu daga birnin Katsina.